Santimita 170 a tsakiyar ƙattai: ina Nick Watson zai kai?

Daren Juma'a, 6 ga Satumba 2024, mutum 97,828 ne suka cika filin MCG da ke birnin Melbourne don kallon karawar Hawthorn da Western Bulldogs a wasan ƙwallon Ostireliya. Wasa ne na sili ɗaya ƙwale, wanda aka doke ya tattara komatsansa sai baɗi. Hawthorn ta yi nasara da maki 99 da 62, kuma cikin gol 14 da ta ci, huɗu daga ƙafar wani yaro ɗan shekara 19 suka fito, yaron da tsawonsa santimita 170 ne kacal. Sunansa Nick Watson. A kujerun 'yan kallo kuwa, yara da manya sun kafa dogayen huluna masu tsini irin na masu dabo, domin laƙabin da ya shigo da shi ke nan: Wizard, wato mai dabo.

Wanda bai san ƙwallon Ostireliya ba zai ce to mene ne abin mamaki, ai a ƙwallon ƙafar da muka saba da ita gajeru sun sha zama gwanaye. Gaskiya ne. Amma wannan wasa daban yake, kuma sai an fahimci yadda ake yin sa kafin a gane nauyin da ke wuyan yaron.

Filin wasan zagayayye ne mai siffar ƙwai, tsawonsa kan kama daga mita 135 zuwa 185. Kowane ɓangare mutum 18 ne a ciki. Ita ma ƙwallon siffar ƙwai gare ta, idan ta faɗi ƙasa ba ka san inda za ta nufa ba. Ana bugun ta da ƙafa, ana ɗaukar ta a hannu a ruga da ita muddin ana tambara ta da ƙasa duk bayan mita 15, ana kuma miƙa wa abokin wasa ta hanyar naushin ta da dunƙulallen hannu, amma ba a jifa. Babu raga, babu mai tsaron gida. Sanduna huɗu ne a kowane ƙarshe: idan ka buga ta wuce tsakanin dogayen biyu na tsakiya, gol ke nan, maki shida, idan ta kauce ta bi ta gefe, maki ɗaya. Wanda ke riƙe da ƙwallo kuwa halal ne a rungume shi daga kafaɗa zuwa gwiwa a kai shi ƙasa. Sai babbar dokar da ta sa tsawo ya yi daraja: duk wanda ya cafe ƙwallon da aka buga ta yi tafiyar mita 15 a sama ba ta taɓa ƙasa ko wani ba, alƙali zai hura usur, a ja masa baya, ya buga a natse ba mai taɓa shi. Saboda wannan cafka ne ƙungiyoyi ke farautar dogaye. Matsakaicin tsawon ɗan wasa a AFL, babbar gasar wannan wasa, yana wajen santimita 188, masu tsalle a tsakiyar fili kuma sukan haura mita biyu. Mason Cox, Ba'amurken da ya ci kofi da Collingwood a 2023, santimita 211 ne. Ka tsayar da Watson kusa da shi, bambancin ya haura santimita 40.

Ba sayen matasa ake yi a wannan gasa ba, zaɓe ake yi. A watan Nuwamba na kowace shekara ƙungiyoyi 18 kan zauna su riƙa ɗaukar 'yan shekara 18 ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka ƙare a ƙasan teburi su ne ke fara zaɓa. Hawthorn ta ƙare ta 16 a 2023, sai zaɓi na biyar ya faɗo hannunta. West Coast ta fara da Harley Reid, aka ɗauki Colby McKercher, da Jed Walter, da Zane Duursma, sannan Hawthorn ta kira sunan Watson, yaron ƙungiyar matasa ta Eastern Ranges wanda ya ci gol 14 a wasa huɗu a gasar 'yan ƙasa da shekara 18 ta ƙasa. Nauyinsa a lokacin bai kai kilo 70 ba.

Zaɓi na biyar dukiya ce. Ƙungiya kan sha kaye shekara guda cur kafin ta same shi, kuma al'ada ita ce a kashe shi kan dogon ɗan gaba, ko ƙaƙƙarfan ɗan tsakiya da za a gina ƙungiya a kansa shekara goma. Gajeru a ƙarshen layi ake tsintar su. Brent Harvey, wanda ya yi wa North Melbourne wasa 432 har ya karya tarihin yawan wasanni na Michael Tuck a 2016, shi ne na 47 a zaɓen 1995. Caleb Daniel mai santimita 168 shi ne na 46 a 2014, bayan shekara biyu ya ɗaga kofi da Bulldogs, a 2020 kuma ya shiga jerin gwanayen ƙasa na shekara. Lachie Neale na 58 ne a 2011, ga shi ya lashe lambar Brownlow, wadda ita ce ta gwarzon shekara, har sau biyu, a 2020 da 2023. Eddie Betts ma tsallake shi aka yi a babban zaɓe, daga baya Carlton ta ɗauke shi, ya ƙare da wasa 350 da gol 640. Ɗan hakin da aka raina ya sha tsone wa masu zaɓe ido, amma darasin da suka daɗe suna ɗauka shi ne: tun da gajere a araha ake samun sa, don me za a biya shi da tsada?

Abu biyu ne a ganina suka sa Hawthorn ta karya wannan al'ada. Na farko mutumin da ke horar da ita. Sam Mitchell, wanda ya karɓi ƙungiyar a 2022, shi kansa an taɓa ƙin ɗaukar sa, ana cewa gajere ne kuma ba shi da gudu. Sai da ya je ya yi wasa a Box Hill, ƙaramar ƙungiyar da ke raino wa Hawthorn 'yan wasa, kafin a ɗauke shi na 36 a 2001. Ya ƙare da kofi huɗu da lambar Brownlow ta 2012. Mutumin da ya ɗanɗani wannan ba zai bari tef ɗin awo ya yanke masa hukunci ba.

Na biyu shi ne yadda wasan ya sauya. A 2017 Richmond ta ci kofin da ta shekara 37 tana nema da dogon ɗan gaba guda ɗaya, Jack Riewoldt, kewaye da ƙananan yara masu gudu irin su Daniel Rioli da Jason Castagna da Dan Butler. Aikinsu shi ne su hana ƙwallo fita daga gidan abokan hamayya, su bi mai riƙe da ita kamar ƙudan zuma har ya yi kuskure. Kowa ya kwaikwaya. Daga nan dokoki suka ƙara buɗe fili: a 2019 aka wajabta wa kowace ƙungiya ta raba 'yan wasanta shida gaba, shida tsakiya, shida baya a duk lokacin da za a tashi ƙwallo daga tsakiya, a 2021 kuma aka ce mai tsaron wurin da aka yi cafka ya tsaya cak. Fili ya buɗe, gudu ya yi tsada, ƙaramin ɗan gaba ya tashi daga kayan ado ya koma kayan aiki.

To mene ne ainihin aikinsa? Mafi yawan ƙwallon da aka aika sama zuwa gaba ba a cafe ta. Dogaye biyu ko uku za su yi tsalle, mai tsaron baya ya naushe ta, ta zubo ƙasa. Masu sharhi a can suna kiran abin da ke biyo baya tsintar ɓurɓushi. Ƙaramin ɗan gaba sai ya karanta inda za ta faɗo tun tana sama, ya iso gindin dogayen a guje, ba da wuri ba ba a makare ba, ya ɗauke ta daga ƙasa ba tare da ya rage gudu ba, ya juya, ya buga, duk cikin daƙiƙa biyu. A nan gajarta riba ce. Wanda ke kusa da ƙasa ya fi saurin sunkuyawa, ya fi saurin juyawa, kuma ƙato mai santimita 195 da ya taho da ƙarfi ba ya iya karya kwana yadda shi zai karya. Watson gwani ne a wannan fanni tun ranar farko. Yana da tsalle fiye da yadda jikinsa ya nuna, yana da ƙarfin zuciya, kuma taron jama'a ba ya firgita shi, ƙara masa kuzari ma yake yi.

Sai dai kakarsa ta farko ba ta fara da daɗi ba. Hawthorn ta sha kaye a wasanni biyar na farko a 2024, shi kuma ƙafarsa ta ƙi saiti. Yana samun damar, yana yin wahalar duka, sai ya zo bugun ƙarshe ƙwallo ta bi gefe. A watannin farko maki ɗai-ɗai da ya tara sun fi gol ɗinsa yawa nesa ba kusa ba. Ga dogon ɗan gaba wannan abin haƙuri ne, domin ko bai ci ba yana janye masu tsaro biyu, yana sauko wa wasu da ƙwallo. Ƙarami ba shi da wannan rangwame. Sau goma ko goma sha biyu zai taɓa ƙwallo a wasa, uku ko huɗu ne za su zama bugun gol. Idan ya ɓarar da uku, maki 15 ya zubar, kuma wasanni da yawa ba su kai wannan tazarar ba. Mako guda bayan wancan dare na MCG, da maki uku kacal Port Adelaide ta fitar da Hawthorn.

Abin da ya burge ni shi ne gyaran ya zo a cikin kakar, ba a jira hutu ba. Ya ƙare 2024 da gol 25 a wasa 18, mafi kyawunsu kuma a ƙarshen kaka suka zo, lokacin da wasa ya fi zafi. A 2025 ya haura gol 30, saitin ya inganta, Hawthorn kuma ta kai wasan kusa da na ƙarshe kafin Geelong ta tare ta. Ya kuma yi sa'ar malami. Luke Breust, wanda ya yi wa Hawthorn wasa sama da 300 da gol sama da 500, yana nan a shekaru biyun farko na yaron. Breust ne ya buga gol 29 a jere ba kuskure a 2014. A wajen mutum irin wannan ake koyon cewa bugun tsaye ba baiwa ba ce kawai: taku nawa za ka ja baya, yaya za ka saki ƙwallo daga hannu zuwa ƙafa, ina za ka kafa ido, kuma ka maimaita abu ɗaya ko gajiya ta kama ka.

Yanzu ga tambayar da kowa ke yi: sai ya ƙara jiki? Amsata ita ce e, amma da awo. Lokacin shirin kaka, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, wanda a can shi ne tsakiyar zafi, matashi kan yi watanni yana ɗaga ƙarfe yana gudu, masu kula da abinci na auna masa abin da zai ci. Yawanci sai an yi irin wannan shiri uku ko huɗu kafin jikin yaro ya zama na babba. Ƙarfin da Watson ke buƙata na ƙugu ne da cinya da ciki, wanda zai sa idan an rungume shi ya tsaya da ƙafafunsa daƙiƙa ɗaya ya saki ƙwallo, kuma idan shi ya rungumi wanda ya fi shi da kilo 20 kada a yarfar da shi. Wannan na biyun yana da muhimmanci ƙwarai, domin ranar da gol bai zo ba, kamun da ya yi a gaba ne zai biya masa kuɗin kujera. Amma idan aka lafta masa tsoka a kafaɗa da ƙirji don ya yi kama da sauran, za a sayar da abin da aka saye shi dominsa. Takunsa biyar na farko su ne jarinsa. Kilo biyar a inda bai dace ba na iya cinye su, kuma ko ya ƙara kilo goma ba zai ture mai santimita 190 a kokawar sama ba.

Abin da ya fi tsoka muhimmanci shi ne numfashi. Wasan kashi huɗu ne, kowanne minti 20 ban da lokacin da aka tsayar da agogo, don haka yakan kai awa biyu. Masu yawan zirga-zirga kan yi kilomita 12 zuwa 15. Tun 2021 sau 75 kawai aka yarda ƙungiya ta yi canji a wasa, ba kamar da ba da ake shiga ana fita ba iyaka. Ƙaramin ɗan gaba na zamani ba ya tsayawa gindin sanduna yana jira. Sai ya hauro har tsakiyar fili ya taimaka, sannan ya tsere wa mai tsaronsa ya koma. Wanda numfashinsa bai kai ba zai yi walƙiya minti goma ya ɓace minti arba'in. Wannan ita ce cutar da ta fi kashe masu irin matsayinsa, kuma ita ce ma'aunin da zan riƙa duba Watson da shi: ba gol nawa ya ci ranar da komai ya yi daidai ba, me ya yi ranar da ƙwallo ta ƙi zuwa.

Akwai wani lamari da ba na son a wuce shi da sauri, shi ne kai. Doka ta hana kamu sama da kafaɗa, wanda aka kama a wuya bugun tazara ake ba shi. Gajere kuwa wuyansa yana daidai inda hannun dogo ke sauka. Ke nan yana samun bugun tazara fiye da wasu, wani da haƙƙinsa, wani kuma da dabara: a sassauta gwiwa, a ɗaga hannu, hannun mai kamu ya zame zuwa wuya. A watan Yulin 2022 hukumar AFL ta fito ta ce duk wanda ya sunkuya ko ya zame da gangan don a kama shi a sama ba za a ba shi komai ba. Taƙaddamar a kan Jack Ginnivan ta taso, wanda a lokacin yake Collingwood, yanzu kuma abokin wasan Watson ne a Hawthorn. Magoya bayan wasu ƙungiyoyi na yi wa Watson irin wannan zargi. Ni abin da ya dame ni ba bugun tazarar ba ne. Yaron da ya saba miƙa kansa inda hannu da gwiwa da ƙugun ƙattai ke wucewa yana cinikin abin da ba a sayen wani. Tun 2021 duk wanda ya samu girgizar ƙwaƙwalwa a AFL sai ya yi aƙalla kwana 12 bai yi wasa ba. A Fabrairun 2024 Angus Brayshaw na Melbourne ya ajiye wasa yana ɗan shekara 28 bisa shawarar likitoci, bayan hoton ƙwaƙwalwarsa ya nuna canji, shi da ma yake sa hular kariya. Hular mai laushi tana tare yanka da ƙujewa, ba ta hana ƙwaƙwalwa girgiza a cikin ƙoƙo. Idan masu horar da Watson na son ya yi shekara 15 yana wasa, su koya masa shiga cunkoso da kafaɗa da gefen jiki, su kuma raba shi da duk wata dabara da ke sa wuyansa a gaba, ko da hakan zai rage masa gol biyar a kaka.

To ina zai kai? Hanyoyi biyu nake hangowa. Ta farko ita ce ta Betts da Breust: ya zauna a gaba, ya zama mai gol 40 zuwa 50 a kaka, shekara bayan shekara. Wannan kaɗai ya isa ya biya zaɓi na biyar, kuma Hawthorn ta san darajar irin wannan mutum, ita da ta ga abin da Cyril Rioli ya yi mata a kofuna huɗu, har da lambar gwarzon wasan ƙarshe a 2015. Ta biyu ita ce ta Kysaiah Pickett na Melbourne, mai santimita 171, wanda ya fara a matsayin mai tsintar ɓurɓushi, ya ci kofi a 2021, sannan sannu a hankali aka riƙa jefa shi tsakiya har ya shiga jerin gwanayen ƙasa a 2025. Zak Butters na Port Adelaide ma siriri ne ƙwarai lokacin da aka ɗauke shi na 12 a 2018, ya fara a gaba, ya koma tsakiya, a 2023 masu horarwa suka zaɓe shi gwarzonsu na shekara. Amma Butters ya fi Watson da santimita 11, kuma ya biya farashin jarumtarsa da raunukan da suka cinye masa wasanni da yawa a 2021.

Ni dai ina ganin hanya ta farko ce gidansa, ta biyu kuma yaji ce da za a riƙa barbaɗawa. A jefa shi tsakiya sau huɗu ko biyar a wasa, lokacin da ƙattai suka fara haki, ya fizgi ƙwallo ya tsere, sannan ya koma inda ya fi cutarwa. Mayar da shi cikakken ɗan tsakiya na nufin a sa jiki mai santimita 170 ya riƙa cin karo da irin su Patrick Cripps mai santimita 195 sau talatin a wasa, wasa 23 a kaka. Ba na shakkar zuciyarsa za ta yarda. Gaɓoɓinsa nake ji.

An haife shi a Fabrairun 2005, ke nan shekarun da ɗan wasa ke kai ƙololuwa, daga 25 zuwa 29, suna gabansa tukuna. Abin da ya sauya shi ne Breust ya ajiye takalmi a ƙarshen 2025, inuwar da yaron ke fakewa a ciki ta kau. Daga yanzu mafi tsananin mai tsaron baya na kowace ƙungiya shi za a ɗora wa Watson, mutumin da ya kwana yana kallon bidiyonsa, ya san ta wace kafaɗa yake juyawa, zai riƙe masa riga, ya taka masa ƙafa, ya hana shi isa gindin dogaye a guje.